Rantsuwar Baba da Baƙin Akwati

Linxia, farkon bazara

Yaya Nuhai,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Osaka? Ka gaishe min da Yaya Fatumai. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene ba ta dafa bango. Baba kuwa garau yake, jiya ma ya bi mai kawo nama da ludayi har bakin titi a kan ƙashi ya fi tsoka yawa. Ka yi haƙuri da harufan Larabcin nan, su kaɗai liman ya dura min a kai. Kai da ka yi makarantar gwamnati sai ka bi su a hankali, ka sa yatsa.

Ka dai tuna ranar da ka ajiye ƙullin taliya ka ce Japan za ka tafi ka yi aiki a shagon wani. Baba ya tsaya a gaban tukunyar romo ya rantse da Allah ba za a kashe ko fen ɗaya ba, nasa ko na wani, don muryarsa ta kai kunnenka. Har yau yana kan bakansa. In ka kira Inna a waya, sai ya tuna yana da aiki a tsakar gida.

To ni na zauna na yi ta juya rantsuwar nan, sai na ga ashe kuɗi ya ce. Bai ce komai a kan abin da yake kyauta ba.

Kawu Yibula mai sayar da wayoyi yana da akwatunan wasa a ƙarƙashin kanta, iri biyu. Akwai fari, wanda in kana son wasa da na nesa sai ka riƙa sayen kati duk shekara. Muryarsa tas, kuma kuna iya zama ku yi hira ko ba ku wasa. Akwai baƙi, shi kuma wasa da na nesa kyauta ne, sai dai ba a magana sai a cikin wasan, in kuma ka bar motarka a tsaye ya kore ka waje. Na ba Kawu tattabaruna masu fito, ya ba ni baƙi na hannu da wasan tseren mota. Na kafa shi a talabijin na bayan shago, inda Baba ke shan shayi bayan azahar in masu cin taliya sun watse.

Abin da za ka yi ke nan. Ka sayi baƙi, ba fari ba. Ka sa sunan da ba naka ba, ka ɗauki rawayar mota, ka riƙa shigowa a wannan lokacin. Kada ka ce uffan. Sauran aikin nawa ne.

Ka aiko amsa ta hannun Heimai mai aski, don duk takardar da ta shigo shago sai Baba ya shinshina ta.

Ƙaninka da ya fi ka kyau,
Ersa

*

Osaka

Ersa,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin gwiwar Inna, ka ce ta ci gaba da shafa maganin. Mu ma lafiya.

Kai dai ba za ka girma ba. Ban manta gishirin da ka zuba min a shayi ranar da aka je neman auren Fatumai ba, na shanye a gaban mahaifinta ina murmushi. Shi ya sa na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda tarkon yake.

Abokan aikina duk fari suke da shi. Da na tambaye su, dariya suka yi min, wai a baƙi kana tsakiyar tsere sai motarka ta daskare, wai wanda ya biya shi ake kula wa da hanya. Sannan intanet ɗin shago fa, ba biya ake yi ba? Kada ka jefa Baba cikin zunubi da wayonka.

Duk da haka na saya. Ga dalili, kuma Inna kaɗai za ka faɗa wa: Fatumai tana da ciki, ana sa ran haihuwa da kaka. Baba ne ya yi mana kiran salla a kunne, ni da kai. Ba na son abin da za mu haifa ya ji shi daga bakin kowa kafin nasa. In wannan shirmen naka zai kai mu can, na bi ka.

Yayanka,
Nuhai

*

Linxia

Yaya Nuhai,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Inna tun da na raɗa mata labarin take ɗinkin ƙananan huluna a ɓoye, Baba ya tambaya ta ce marfin butar shayi ne.

Zancen intanet, na kai wa liman. Ya ce in shago yana biya ko kana duniya ko ba ka nan, to ba don kai aka biya ba. Sai ya tambaye ni ko na idar da haddar da na bari, na ce masa ana kirana a gida.

Kai motoci kawai kake gani, bari in ba ka abin da ya faru a ɗakin. Ka san Baba da labarin shekarun da ya yi yana jan babbar mota a hanyar Lhasa. To sai na riƙa tuƙi a gabansa kamar makaho, ina dukan bango, ina shiga gonar mutane. Rana ta farko ya yi tsaki. Ta biyu ya ce, "Birki ake takawa kafin kwana, ba a cikinta ba, jakin banza." Na ce, "Baba, wannan ba irin motarku ta da ba ce, sai yaran zamani." Ban rufe baki ba ya fizge abin tuƙin.

Da ka wuce shi fuu, ya ce, "Wane ne wancan mai rawayar?"

Na ce, "Wani ɗan Japan ne, ba ya jin yarenmu."

Shi ya sa ka sha abin da ka sha. Ni da nake gefe da ƙyar na danne dariya da ya ce da ganin tuƙinka ba ka da uba mai faɗa maka gaskiya. Na yaba maka, ka yi shiru kamar yadda na ce, har ranar Laraba.

Yaya, wa ya ce ka yi atishawa a bakin makirfo? Ka yi kuma, wa ya ce ka ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi, da irin muryar gidanmu? Baba idonsa na kan kwana, bakinsa ya riga shi: "Yarhamukallahu." Sai ga muryarka, "Yahdikumullahu."

Motarsa ta tafi ta daki bango ta tsaya. Inna da ke bakin ƙofa ta toshe baki da gyale. Ni na fara auna tsakanina da taga.

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ersa."

"Na'am, Baba."

"Nawa ake biya na wannan abin?"

"Ko fen, Baba. Kyauta ne."

"Rantse."

Na rantse. Ya bar motar a tsaye har wasan ya fara gargaɗin zai kore shi. Sai ya ja motar baya, ya gyara zama, ya ce abin da ka ji: "A gaya wa mai rawayar mota yana sakin totur da wuri. Tsoro ne, tun yana yaro haka yake."

Ka lura har yau bai kira sunanka ba, mai rawayar mota kake. Ka bar shi a haka. Jiya da ya tambayi mai rawayar mota ko romon can ana sa masa farin tushen nan mai kama da karas kamar namu, da ka ga yadda ya miƙa kunne. Abin haushin kawai, muryarka tana yankewa, rabin amsarka iska ta cinye, ya yi ta bugun talabijin yana cewa a ƙara faɗa. In da ana jin ka sosai ai da an gama.

Ka fara tunanin tukuicina.

Ersa

*

Osaka

Ersa,

Gaisuwa mai yawa. Fatumai lafiya, sai nauyin jiki. Ranar Larabar nan da aka kashe wasa na daɗe zaune a ƙasa. Allah ya yi maka albarka, ban taɓa zaton zan rubuta maka haka ba.

Na gane abin da kake nufi a ƙarshen wasiƙarka, ba sai ka roƙa ba. Tunda Baba ya sauko, bai kamata a bar shi yana bugun talabijin ba. Na sayi fari guda biyu, na aiko muku ɗaya da katin shekara a ciki. Ba sai kowa ya yi tuƙi ba, zama kawai za a yi a yi magana kamar mutane. Na rubuta sunan Baba a kan kwalin don ya san girmamawa ce.

Nuhai

*

Linxia

Yaya Nuhai,

Sallama. Lafiyar jiki dai akwai.

Wa ya roƙe ka? Na ce murya tana yankewa, labari na ba ka, ban ce ka je kasuwa ba! Duk makarantar da ka yi ba a koya maka cewa baƙin nan don kyautarsa muka ɗauke shi ba, ba don kyansa ba?

Kwalinka ya riga wasiƙarka isowa, kuma da sunan Baba a kai, shi ya buɗe da hannunsa a gaban masu cin taliya. Katin ne ya fara faɗowa, da farashinsa a manne. Ya juya shi, ya kira Kawu Yibula ya tambaye shi na mene ne. Kawu, Allah ya shirye shi, ya ce, "Na magana da na nesa ne, Yaya, duk shekara ake saya."

Na ce, "Baba, wannan na farin ne, namu baƙi kyauta ne."

Ya ce, "Akwati akwati ne."

Na ce, "Ai na rantse maka."

Ya ce, "Kai? Kai da ka rantse min kyanwa ce ta cinye naman layya, da maiƙo a haɓarka?"

Yaya, ina ɗan shekara bakwai fa lokacin. Kawu ya yi ta yi masa bayani, Baba ya ce shi ma bakinmu ɗaya. Abin da ya fi ci masa rai, gani yake mun sa shi karya rantsuwa bai sani ba, muna dariya a bayansa. Ya ce, "Kun mai da ni abin wasan yara." Ya ɗauki mayafin tebur ya lulluɓe talabijin, ya tura farin akwatinka ƙarƙashin gado. Yanzu a tsakar gida yake shan shayinsa.

Kada ka ƙara aiko komai. Kada ka rubuto masa. Ka bar ni in yi tunani, tunda a gidan nan ni kaɗai ke yi.

Ersa

*

Osaka, kaka

Ersa,

Ina fatan kuna lafiya. Shiru ya yi yawa. Kullum bayan azahar ina shiga da rawayar mota in yi ta zagaye ni kaɗai, ba kowa. Na san laifina ne. Inna a waya ba ta cewa komai sai "a yi haƙuri."

Likita ta ce ko yaushe daga yanzu. Akwai wani dattijo ɗan Indonesiya a masallacinmu da ya ce zai zo ya yi kiran sallar in ina so. Mutumin kirki ne. Ban ba shi amsa ba tukuna. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Nuhai

*

Linxia

Yaya Nuhai, baban Sailimai,

Assalamu alaikum, barka, barka! Allah ya raya ta, ya sa ta ɗauko hancin uwarta. Ya jikin Yaya Fatumai? Inna ta ce a riƙa ba ta romon kaza da jan dabino, kada ka ce ba ka da lokaci. Mu nan lafiya, har ta yi mana yawa.

Na san kana ta tambayar kanka me ya faru ranar nan. Zauna ka ji aikin manya.

Da ka kira shagon Kawu da safe ka ce an sauka lafiya, ni na ɗauka, kuma ni na ce maka ka je gida ka hau akwati bayan azahar ka faɗa wa Inna da bakinka. Ka ce me ya sa ba a waya ba, na ce kada ka tambaya. To na je na raɗa wa Inna komai, mace ce, lafiya lau uwa da 'ya. Ta yi kukanta a ɗakin girki ta wanke fuska. Na ce, "Inna, yau ke za ki tuƙa, kuma ba ki san komai ba." Ta ce, "Allah ya shirye ka," ta gyara gyale.

Bayan azahar ta yaye mayafin nan da kanta. Baba yana tsakar gida, ya juya mana baya, amma kujerarsa ta matso taga fiye da kullum. Inna ta riƙe abin tuƙi kamar an ba ta ɗanyen kifi, motarta tana ta gaisawa da bango, ina cewa, "Ki dai riƙa motsi, Inna, kada ya kore ki." Sai ga muryarka: "Inna, jiya da daddare muka kai Fatumai asibiti, ta sha wuya sosai, likita ta ce..."

Ɗif.

Kai ka ɗauka halin baƙin akwati ne. Kowa ma haka ya ɗauka. Babban yatsan ƙafata ne, Yaya. Tun safe na sassauta wayar bayan talabijin na ja ta ƙarƙashin tabarma.

Inna ta saki salati, wallahi ko ni sai da gabana ya faɗi. Sai ga Baba a bakin ƙofa, kofin shayi a hannu yana zuba bai sani ba.

"Likita ta ce me?"

Na ce, "Ya yanke, Baba. Ka san abin kyauta."

"Mayar da shi!"

"Sai ya ga dama. Wani lokaci sai gobe."

Ya kalli talabijin, ya kalli Inna. Ya dire kofin, ya fita da silifa ɗaya nasa ɗaya na Inna. Na bi shi a guje. Ya shiga shagon Kawu ya zube kuɗi a kanta, ko dubawa bai yi ba, ya ce, "Yibula, kira min Japan." Kawu ya ce, "Yaya, rantsuwar fa?" Ya ce, "Tawa ce ko taka? Kira!"

Sauran ka ji da kunnenka. Ni dai abin da na riƙe, "Nuhai" ya ce, ba mai rawayar mota ba. Da ka gaya masa lafiya lau, mace ce, sai ya zauna a kan kwalin wayoyi, ya ce maka ka koma asibiti zai sake kira, kada ka bar kowa ya riga shi kunnenta.

Muna fitowa ya ce, "Ɗan makaranta, wanda ya karya rantsuwa me ke kansa?"

Na ce, "Ciyar da miskinai goma, Baba."

"To me kake jira?"

Ya sake hura wutar da aka riga aka kashe a ƙarƙashin tukunya. Na tafi bakin gada inda 'yan ƙwadago ke zaman jiran aiki, na kwaso waɗanda ba su samu ba tun safe, na haɗa da gwauruwar nan mai tsintar kwali. Tara suka zama. Na zauna a kujera ta goma na ce ni ma miskini ne, ba a biyana albashi. Ya ɗaga ludayi, na fita na dawo da tsoho mai gyaran takalma.

Rabon da in ga Baba ya ja taliya haka tun kana gida. Siririya kamar zare, yana buga ta a katako har kwanuka na rawa, nama kuwa ba a yanka shi don riba ba ranar. Wani ya tambaya bikin me ake yi, ya ce, "Rantsuwa nake binnewa, ci ka ƙara."

Da la'asar ya yi alwala, ya sa farar hularsa ta Juma'a, muka koma wajen Kawu. Na ce ga akwati na gyara, kyauta. Ya ce, "Ba zan yi wa jikata kiran salla ina tuƙa motar ƙarya ba." Ya tsaya ya fuskanci alƙibla da wayar a bakinsa. Masu sayen waya duk suka matsa gefe suka ba shi wuri. Kai ka san yadda ta yi a can, mu dai a nan mun ji ɗan kukanta a tsakiya, Baba ya tsaya, ya ɗora. Ya sa mata sunan kakarmu, Sailimai. Kawu ya ce ba zai karɓi kuɗin kiran ba, Baba ya ce sai ya karɓa, ai ya riga ya biya tarar.

Yanzu zancen farin akwatinka. Tunda ba sauran rantsuwa, na fito da shi na kafa. Gaskiya abokanka ba su yi ƙarya ba, murya tas, har numfashinka ana ji. Ka dai ga yadda aka yi shekaranjiya. "Lafiya?" "Lafiya." "Ya aiki?" "Da godiya." Daga nan kai shiru, shi shiru, yana ta juya murfin kofi. Bayan an kashe ya daɗe yana kallon akwatin, sai ya ce, "Wannan na mata ne, su ke da abin faɗa. A ba uwarku. Ina baƙin?"

Saboda haka an raba gado. Fari na Inna da Yaya Fatumai, jiya sun yi hira har romo ya kusa ƙonewa, katinka bai tafi a banza ba. Baƙi na Baba. Ya ce in gaya maka ranar Laraba bayan azahar, kuma ka zo da rawayar, don yana da maganganu da yawa da zai yi maka a kan renon 'ya mace, ba zai iya yin su a zaune ba.

Da nake haɗa masa wayoyin ya tsaya a kaina, ya ce in ɗaure ta bayan da kyau. Na ce ai ba ta fita. Ya ce, "Ɗaure dai. Kuma ranar Laraba ka zauna nesa da tabarma. Babban yatsan nan naka ya fi kanka hankali."

Tukuicina tattabaru ne, masu fito, Kawu ya san irinsu.

Ƙaninka, baffan Sailimai,
Ersa